Fitsarin mage a kushin da kafet: khal, haidirojin, Ariel ko maganin enzayim, wanne ya kamata ki saya?

Bara cikin watan Agusta muka yi tafiyar kwana shida biki Zariya, muka bar muzurun yara a gida da yaron maƙwabta yana zuwa ba shi abinci, ashe wani ya bar tagar falo a buɗe. Ranar da muka dawo ina tura ƙofa wallahi sai da na ja da baya, wani irin zarni mai shiga har ƙwaƙwalwa, ga ruwan sama ana ta yi ɗakin ya yi sanyi ya riƙe warin. Gefen kujera mai cin mutum uku, ƙasan labule, da kusurwar kafet inda nake ajiye sallaya. Abin da na fara yi shi ne abin da kowacce a cikinmu za ta yi, na haɗa ruwan Omo na zuba Izal na dirje, na kunna turaren wuta har kasko biyu. Kwana biyu falo na ƙamshi ina ta murna. Rana ta uku aka sake ruwa, wari ya dawo, yanzu kuma ya haɗu da ƙamshin turaren ya zama wani abu na daban da ba shi da suna, maigidan ya shigo ya ce ko dai magen ko kujerar, ɗaya sai ya bar gidan.

Toh daga nan ne na bi abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, wasu na yi asarar kuɗi wasu na yi asarar kaya, shi ya sa nake son in jera miki su yadda na gan su kafin ki je ki kashe naki kuɗin.

Amma sai kin fara gane me ya sa fitsarin mage ya fi na yaro taurin kai. Mage asalinta dabbar busasshen waje ce, ba ta shan ruwa sosai, fitsarinta mai kauri ne. In ya zauna ƙwayoyin cuta suna farfasa shi ya koma amoniya, shi ne wannan zarnin mai hawa kai. Wannan ɓangaren ruwa da sabulu suna tafiya da shi. Matsalar tana wajen wani sinadari da ake kira yurik asid, shi ba ya narkewa a ruwa da sauƙi, yana bushewa ya maƙale cikin soso da zaren kafet kamar gishiri, lokacin rani ki rantse ya tafi, da damina ta shigo iska ta yi laima sai ya farka. Muzurun da ba a yi wa fiɗiya ba kuwa nasa ya fi na kowa, don shi da gangan yake fesawa a tsaye jikin bango da gefen kujera yana shaida wa sauran maguna nan gidansa ne. Kin ga kenan tambayar da za ki yi wa kowane magani ita ce, yana cire wancan mai maƙalewar ko rufe shi kawai yake yi.

Bari in fara da waɗanda zan ce ki ajiye su gefe, don su ne a kusa da hannunmu. Jik da Hypo. Na san muna ji da su, in ba a ji warin bilic a banɗaki ba kamar ba a wanke ba. Amma bilic in ya haɗu da amoniyar da ke cikin tsohon fitsari yana tayar da iska mai guba, ido ya yi yaji, maƙoshi ya kama, a rufaffen ɗaki abin ba wasa ba ne musamman ga mai asma ko jariri. In kuma kika haɗa shi da ruwan khal nan ma gubar kilorin ce take tashi, kar ki taɓa gwadawa ko da wasa. Ga shi yana cinye kalar kafet da yadin kujera. Inda kawai yake da amfani shi ne tayil ko siminti, shi ma bayan kin riga kin wanke fitsarin tas da ruwa, kin buɗe tagogi, kin sirka shi sosai.

Izal da Dettol kuma matsalarsu daban ce, su magen suke cutarwa. Suna ɗauke da sinadarai dangin finol, hantar mage ba ta iya sarrafa su yadda tamu take yi, ta taka jiƙaƙƙen waje ta koma gefe tana lasar ƙafa, shi ke nan ta sha. Alamar da za ki gane irinsu, duk abin da kika zuba a ruwa ya koma fari kamar madara, yi hattara da shi in kina da mage. Ni ban san haka ba lokacin da na malala Izal, Allah ne ya tsare muzurun yana waje. Kuma duk da haka bai cire warin ba. Kafur ɗin nan farare da muke jefawa bayan kujera shi ma guba ne ga mage da yaro mai rarrafe, warinsa kawai yake ɗorawa kan wani warin. Turaren wuta, humra, abin fesawa na gwangwani, duk layinsu ɗaya, kwalliya ce a kan datti. Ina son turare fiye da kowa, amma sai bayan an gama aiki.

Yanzu ga huɗun da suke aiki da gaske, kowanne da inda ƙarfinsa ya tsaya.

Na farko ruwan khal da bekin soda. Shi ya fi sauƙin samu, duk shagon da ake sayar da kayan kek za ki same su, kuma ba su cika cutar da yaro ko dabba ba. Farin khal nake nufi, ba na tuffa mai kala ba, sannan bekin soda ba bekin fauda ba, mutane suna yawan rikita su. Yadda ake yi, in fitsarin sabo ne ki ɗauko tsumma ko tsohon tawul ki danna ki tsotse, kar ki goga, gogawa tura shi ciki take yi tana faɗaɗa wajen. Ni tsayawa nake a kan tawul ɗin da ƙafata, in ya jiƙe in canza wani har sai ya daina ɗaukowa. Sai ki haɗa khal kofi ɗaya ruwa kofi ɗaya ki jiƙa wajen, minti goma, ki sake tsotsewa, in ya kusa bushewa ki barbaɗa soda da yawa ki bar shi ya kwana, da safe ki share. Khal ɗin tsami ne yana kashe kaifin amoniya, sodar kuma tana shanye laima da wari. Kuskuren da nake gani kullum shi ne a zuba su tare a roba ɗaya, ya yi ta kumfa ana jin daɗi wai yana aiki. Wannan kumfar kashe juna suke yi, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Ɗaya bayan ɗaya ake sa su.

Hukuncina a kansa, in kin kama abin a ranar, a kan tayil, ledar ɗaki, tabarmar roba ko saman kafet, ya wadatar, ba sai kin nemi wani abu ba. In ya kwana uku a cikin soso kuwa zai rage warin ne kawai, damina na zuwa za ki sake jin sa. Kuma kar ki sa khal a kan mabul ko tarazo, yana cinye shekinsu ya bar tabo fari wanda ba ya gyaruwa da wanki.

Na biyu haidirojin, wannan na kemis da ake wanke ciwo da shi. Ya fi khal ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman wajen tabo, wannan rawaya-rawayar da ke zama a katifa shi ne maganinta, haka tabon amai ko jini. Ki duba jikin kwalbar, mai kashi 3 cikin ɗari ake so, in mai kashi 6 kika samu ki sirka shi da ruwa daidai da daidai. Ki barbaɗa soda a wajen, ki haɗa haidirojin kofi ɗaya da ƙaramin cokali na sabulun wanke-wanke irin su Morning Fresh, ki zuba a kai, ki ɗan shafa da tsohon buroshi a hankali, ki bar shi ya bushe ki kakkaɓe. A haɗa a yi amfani da shi nan take, ba a ajiye haɗin a rufaffiyar kwalba, kuma ba a gauraya shi da khal.

Aibinsa ɗaya ne amma babba, shi ma ɗan uwan bilic ne a hali. Kafet ɗina ruwan goro ne, na zuba ban gwada ba, yanzu akwai wani waje kamar tafin hannu da ya koɗe, tebur na ja na ɗora a kai har yau. Don haka ki fara ɗiga shi a bayan kujera ko ƙasan kafet inda ba a gani, ki jira awa ɗaya. Katifa, farin yadi, layin simintin da ke tsakanin tayil, nan ne gidansa. Kujerar fata, kafet na ulu, darduma mai tsada ta kayan ɗaki, yadi mai duhu, ki rufa wa kanki asiri.

Na uku shi ne wanda ban yi zato ba, kuma shi nake fara ba mutane shawara yanzu saboda yana kowane lungu: garin wanki mai enzayim, a bi shi da sifirit na kemis. Ba kowane omo ba, ki juya bayan leda ki karanta, in an rubuta yana da enzayim kamar Ariel toh shi ne. Enzayim wasu sinadarai ne da suke farfasa datti irin na jiki, furotin da maiƙo, su mai da shi abin da ruwa zai iya ɗauka. Masu kula da maguna a Ingila sun daɗe suna ba da wannan haɗin: gari kashi ɗaya ruwa kashi tara, a wanke wajen, a ɗauraye da ruwan sanyi, a bari ya bushe, sannan a fesa sifirit sama-sama a bar shi ya sha iska kafin mage ta dawo ɗakin. Sifirit yana kama wuta, don Allah ba a kusa da kaskon turare ko risho ba.

Da shi na ceto labulena da rigunan kushin da sallaya, duk abin da za a iya cirewa a jiƙa a bokiti a shanya. Na jiƙa su awa biyu, na ɗauraye sau uku, rana ta ƙarasa sauran. Inda yake ba da wahala shi ne abin da ba ya ciruwa, don kumfar tana da wuyar fita daga kafet ɗin da aka manne da ƙasa, in kuma kika bar sabulu a ciki wajen zai riƙa kama ƙura ya yi baƙi. Ruwan ɗumi kaɗan ya isa, tafasasshen ruwa yana kashe enzayim ɗin, kuma zafi yana dafa tabon ya zauna daram. Saboda haka ma kar ki ɗora dutsen guga ko na'urar busar da gashi wai don ya bushe da wuri.

Na huɗu maganin enzayim na musamman da aka yi don fitsarin dabbobi, irin su Nature's Miracle da Simple Solution. Daga waje ake kawo su, sai a shagunan kayan dabbobi na manyan birane, wajen likitocin dabbobi, ko a yi oda ta intanet, kuma kuɗin kwalba ɗaya zai saya miki khal da soda na wata da watanni. Na daɗe ina ja da baya saboda tsadar. Amma shi kaɗai ne a cikinsu aka haɗa don ya bi wancan yurik asid mai maƙalewar, kuma shi ne ya raba ni da warin gefen kujera bayan sauran sun gaza.

Sai dai mutane da yawa suna saya su ce bai yi ba, kuma yawanci yadda aka sa shi ne. Ana fesa shi sama-sama kamar turare don kar ya ƙare, alhali fitsarin ya nutse cikin soso kusan tsawon yatsa, kuma a ciki ya bazu fiye da abin da ido ke gani a sama. Dole maganin ya kai duk inda fitsarin ya kai. Ki zuba ya jiƙe har ciki, ki wuce gefen tabon, ki bar shi kamar minti goma sha biyar, ki tsotse abin da ya yi yawa, sauran ya bushe da kansa ko da zai kwana biyu. Yana aiki ne muddin wajen na da danshi, don haka lokacin hunturu da komai ke bushewa nan da nan ki rufa masa leda na wasu awanni. Abu na biyu, in kin riga kin zuba Izal ko bilic ko sabulu a wajen, ki ɗauraye da ruwa zalla tukuna, ragowarsu tana kashe shi. Ni sai da na yi sau uku kafin hancina ya yarda, rabin kwalba ya tafi a kujera ɗaya.

Akwai kuma lokacin da lissafin ke cewa ki bar magani gaba ɗaya. In soson kushin mai ciruwa ne kuma magen ta mai da shi banɗaki na makonni, ki zuge zif ki fitar da soson ki kai wa masu gyaran kujera su yanko miki sabo daidai girmansa, ki wanke rigar da Ariel. Sau da yawa wannan ya fi kwalba biyu na maganin waje araha kuma magana ta ƙare. Haka abin shimfiɗar da ke ƙarƙashin kafet, a yanke wajen a sa wani. Katako ma haka, in na gaske ne ya yi baƙi, kafinta zai goge da samfefa ya sake shafa masa banish, amma irin na zamanin nan da aka matse garin katako, da ya sha fitsari ya kumbura babu dawowa.

Siminti tsura shi ma yana yaudara, ana ganin kamar dutse ne amma shan ruwa yake kamar tukunyar ƙasa. Masu ajiye ragon layya ko awaki ko kaji a tsakar gida sun san wannan. A nan ba sai an kashe kuɗi a maganin waje ba, ki zuba toka ko yashi ya shanye, ki share, ki dirje da ruwan Ariel da tsintsiyar kwakwa, ki bar rana ta yi aikinta. Rana kam Allah ya ba mu kyauta, kuma duk abin da za ki iya fitarwa waje, katifa, kafet, tabarma, ki fitar, ki juya bayansa sama don kar kala ta koɗe. In ɗaki ne kuma simintin ya riƙe wari duk da wanki, a bari ya bushe sosai a shafe shi da fentin ƙasa ya toshe. Kashin tantabaru da na kaji in ya bushe ki yayyafa ruwa kafin shara ki rufe hanci, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu.

Wata dabara da ta taimake ni, don wani lokacin kina jin wari amma kin rasa daga ina yake. 'Yar tocilan mai shuɗin haske da masu shago ke duba jabun kuɗi da ita, ki kashe wuta da dare ki haska, busasshen fitsari yana ɗan ƙyalli rawaya-kore. Da ita na gano ashe har jikin bango bayan kujera ya fesa, ni ina ta fama da kushin kaɗai. Ragowar sabulu ma tana ƙyalli, don haka ki haɗa da hanci.

Sai maganar tsarki, wadda a wajenmu ta fi warin ma muhimmanci. Mage kanta ba najasa ba ce, hadisi ya zo cewa tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu, in ta sha ruwa a kwano bai lalace ba. Amma fitsarinta da kashinta a mazhabar Malikiyya najasa ne, saɓanin na akuya da tunkiya da ake cin namansu. Kuma abin da aka karantar da mu, najasa da ruwa tsarkakakke ake gusar da ita, ba khal ba, ba sifirit ba. Don haka duk wanda kika zaɓa cikin huɗun nan, in sallaya ce ko kafet ɗin da ake salla a kai ko tufafi, ki tabbatar ruwa zalla ya bi ta kai har ya fita ba kala ba wari. In maganin enzayim ne, ki fara wankewa da ruwan, ki tsotse, sannan ki sa shi, in ya gama aikinsa ki sake bi da ruwa. Abin da ya shige miki duhu ki tambayi malamin unguwarku.

Duk wannan kuma aikin banza ne in magen za ta koma wajen gobe, kuma za ta koma muddin hancinta na jin alamar, ko da naki ba ya ji. Shi ya sa ba a goge wajen da duk wani abu mai amoniya, irin wasu magungunan goge gilashi, a hancinta kamar wata magen ce ta zo ta yi. Ki tanadar mata faffaɗar roba da yashi mai laushi a waje mara hayaniya nesa da kwanon abincinta, a kwashe kullum, in maguna biyu ne roba uku. Mai ciki kar ta kwashe, ta ba wani, akwai cutar da ake ɗauka a kashin mage mai taɓa ɗan tayi. Magen da ta saba da yashinta sai kwatsam ta fara yi a kan gado ko kujera, ko tana yawan tsugunawa tana kuka ba abin da ke fita sai ɗigo, ba iskanci ba ne, ciwon mafitsara ne sau da yawa, in namiji ne ma fitsarin na iya toshewa ya kashe shi cikin kwana biyu, a kai shi asibitin dabbobi a ranar.

Namu muzurun fiɗiya aka yi masa a asibitin dabbobi na gwamnati, yaran suka yi ta kuka kamar an yanka shi, bayan 'yan makonni fesawar ta tsaya, warin fitsarin nasa ma ya ragu sosai. Kujerar tana nan, shi ma yana nan. A kabad ɗin kicin yanzu ina ajiye khal, soda da ƙaramar ledar Ariel a waje ɗaya da tsofaffin tawul guda biyu, ragowar rabin kwalbar maganin wajen kuma na ɓoye ta can sama inda mai aikina ba za ta ɗauka ta goge tayil da ita ba.